Amsa kan injin matse tubalin ƙasa

Malam, ka tambaya ko injin matse tubali zai rage maka kuɗin gini a nan Damagaram. Lalle zai rage, domin siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari kawai ake gauraya wa jar ƙasa, ga shi kuwa kowane buhu sai ya sha doguwar hanya kafin ya iso mana. Amma ka fara gwada ƙasar: ka zuba ta a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka bari ta kwanta, idan laka ta rinjayi yashi, tubalin zai tsage. Bayan an matse shi, a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa har kwana 28, domin ranar garin nan tana busar da shi tun siminti bai kama ba.