Muryar da aka turo a zauren iyali kan zanen 'yarmu

Assalamu alaikum. Yaya, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin hoton zanen da yarinyar nan ta saka, wai "wannan kuma mene ne, fenti ne ya zube?" Na san ba zanen kake tambaya ba. Tambayarka ita ce ko 'yarka tana ɓata lokacinta, kuma ko wannan abu ba na Turawa ba ne da ta kwaso a waya. To bari in amsa maka a nan, tunda a nan ka yi maganar, su Gwaggo ma su ji.

Ka sake buɗe hoton, ka ja shi da yatsa ya girma. Ka ga shuɗin nan da ke tsakiya, wanda yake sirkawa zuwa kore, can ƙasa kuma fari-fari? Wikki ce. Wallahi ina gani na gane. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ruwan Wikki a Yankari ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ya san wannan launi. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau yake har kana ganin farin yashin ƙasa, hasken rana kuma yana yin wasu zare-zare masu rawa a kan yashin. Su ne layukan nan da ka ɗauka fenti ne ya dalalo. Ba ta zana bishiya ba, ba ta zana gwaggon biri ba, abin da ido ke gani a cikin ruwan ta zana. Kuma akwai dalilin launin: ruwa ya fi shanye jan haske, sai ya bar shuɗi da kore su dawo ido. A ajin kimiyya ta koyi wannan, kai ka biya kuɗin makarantar.

Sai zoben nan da suka zagaye gefe, ɗigo-ɗigo, wani wuri cunkus wani wuri fayau. Na tambaye ta, ta ce kiɗan kalangu ta kunna a sifika, ta ɗora tire a kai, ta barbaɗa yashi, ta zauna tana kallon inda yake taruwa. Yaya, wannan gwaji ne sananne. Wani Bajamushe mai suna Chladni ya yi shi tun 1787, da farantin ƙarfe da yashi, yana goga bakin farantin da irin abin da ake goga goge da shi. Inda ƙarfen ke kaɗawa yashi ya gudu, inda ba ya motsi can yake kwanciya, sai fasali ya fito. Ka sauya amo, fasalin ya sauya. To kalangu fa, ka san mai kiɗa yana matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Wannan hawa da saukar ne ta bi da buroshi. Yarinya 'yar sakandare ta yi wannan tunani ita kaɗai a ɗaki, ka ce fenti ya zube?

Maganar na Turawa ne kuma, ita ce ta fi ci mini rai. E, akwai wani ɗan Rasha, Kandinsky, da wajen 1911 ya shahara da zanen da babu mutum babu gida a ciki, yana cewa kowane launi yana da amonsa, ruwan ɗorawa mai kaifi yana jin sa kamar busar ƙaho. Gaskiya ne. Amma mu jira muka yi sai da ya zo? Cire hular da ke kanka ka duba. Akwai hoton mutum a jiki? Aska takwas a wuyan babbar riga, dagi a bangon zaure, zanen ƙwarya, lallen hannun amarya, wa ya taɓa tsayawa ya ce mene ne wannan? Idonmu ya saba da shi tun muna goye. Sai an ɗora shi a kan kyalle an rataye a bango ne ya zama baƙo.

Ga Geji nan a ƙasar Toro, ga Shira, mutanen zamanin da can sun bar zanen shanu da namun daji a jikin duwatsu da jar ƙasa. In ka bi ta Ningi za ka Kano, a Birnin Kudu akwai zanen shanu a kogo, kusa da shi ga duwatsun da in ka buga suke ba da amo. Zane da kiɗa wuri guda, tun kafin a san... to, bar wannan, zan yi nisa.

A Zariya ma, 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su riƙa kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, za su haɗa abin da aka koya musu da na gida. Daga baya aka yi Gani Odutokun, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995. Shi tsinka fenti yake yi ya zuba a kan kyalle, ya karkata shi, fentin ya gangara inda yake so. Ka ga ko da zubewar ce ma, akwai mai zubawa da sani.

Ni abin da ya sa na ɗau zafi, an yi mini. Wani babban mutum a garin nan, ba zan kama suna ba, ya sa in yi masa zane na falonsa, ya ce abin da ya shafi damina. Na yi masa hadarin gabas, irin wanda ke haɗowa baƙi ƙirin da la'asar, ƙasansa ja saboda ƙurar da iska ta taso, ga wani siririn haske ta gefe. Da kuɗina na sayi kyalle da fenti. Na kai, ya dube shi a tsaye ko zama bai yi ba, ya ce ina gonar, ina manomin? Ya ce in mayar in sa masa shanu biyu da garma. Na ce ranka ya daɗe, in hoto kake so ga masu kyamara nan a Wunti. Ko sisi bai ba ni ba. Abin da ya fi ƙona ni, yaransa suna tsaye suna dariya, ɗaya har yana juya zanen wai bai san sama da ƙasa ba. Na ɗauko shi a bayan acaɓa, iska tana neman fizge shi. Har yau in hadari ya haɗo ta gabas sai raina ya sosu. Ba na so a yi wa yarinyar nan haka, balle a gidansu, balle daga bakin mahaifinta.

Kuma Yaya, kai da kake kaffa-kaffa da zanen abu mai rai, to ga shi ba mutum ba dabba a ciki. Ruwa ne da haske da amo.

Ban ce zanen ya kammala ba. Kusurwar hagu ta sama ta cika ta da baƙi, ya danne shuɗin, kuma da gani fentin bango ta yi aiki da shi, zai tsattsage in ya kwana biyu. Akwai ragowar fentin zane na akirilik a wurina da kyalle da na riga na ɗaure a katako. Ka bar ta ta zo ranar Asabar da hantsi, ta taho da tiren da sifikar, ina so in ga yashin nan da idona. Gwaggo, ke ma don Allah ki sa baki. Sai na ji ku.