Yaya tsofaffin ma'aikatan NASA suka kaya a lokacin korona?

Tambaya: Ni ɗan fansho ne. A lokacin kullen korona ofisoshi a rufe suke, ko labarin haƙƙinmu ba mu samu sai da ƙyar. Ina so in ji yadda aka yi da waɗanda suka yi ritaya daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA. Fanshonsu ya tsaya? Kuma ta ina suke jin labarin hukumar da na junansu?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Fanshonsu bai tsaya ba, domin tun asali ba NASA ke biyansu ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka yana ajiye aiki, takardunsa sai su koma ofishin kula da ma'aikata na tarayya da ake kira OPM, shi ke tura kuɗi asusun banki duk farkon wata. Waɗanda aka ɗauka kafin 1984 galibinsu suna ƙarƙashin tsohon tsari, CSRS, na baya kuma suna FERS. Saboda haka da shugaban hukumar na lokacin, Jim Bridenstine, ya umarci ma'aikata su koma aiki daga gida a ranar 17 ga Maris 2020, hakan bai taɓa aljihun ɗan fansho ba. Ƙarin fansho na rage raɗaɗin tsadar rayuwa ma ya zo a kan kari: kashi 1.3 cikin ɗari a Janairun 2021, sai kashi 5.9 a 2022 ga 'yan tsohon tsari, 4.9 ga 'yan sabo. Dokar tallafi ta CARES da aka sa wa hannu a 27 ga Maris 2020 ta kuma ɗage musu wajabcin cire wani kaso daga asusun ajiyar ritaya a shekarar, don kada a tilasta wa tsoho sayar da hannun jarinsa kasuwa tana faɗuwa.

Waɗanda suka ji jiki su ne sababbin masu ritaya. A lokacin, yawancin takardun fansho da hannu ake tantance su, a cikin wani tsohon ramin haƙar dutse da ke Boyers a jihar Pennsylvania. Aikin takarda ba ya yiwuwa daga gida, don haka jira ya ƙaru, mutum yana karɓar wani kaso na wucin gadi har a kammala lissafinsa. Kuma ka sani ba duk wanda ya yi wa NASA aiki ne ma'aikacin gwamnati ba. Mutanen cibiyar JPL a California ma'aikatan jami'ar Caltech ne, da yawa daga cikin kimanin mutum 400,000 da suka yi aikin Apollo, shirin kai mutum duniyar wata, kuma na kamfanonin kwangila ne. Kowannensu fanshonsa na wurin wanda ya ɗauke shi.

Batun labari kuwa, nan ne annobar ta yi musu illa sosai. Suna da ƙungiya, NASA Alumni League, mai rassa a wurare irin su Houston da Florida, kuma da can haɗuwa ce ginshiƙinta: a ci abinci tare, a saurari lacca, wani lokaci a zauna da matasan injiniyoyi. Korona ta datse wannan, komai ya koma saƙon imel da taron bidiyo. Ba su da zaɓi, domin alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna kusan takwas cikin goma na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar sun kai shekara 65 ko sun haura.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne watan Afrilun 2020. A watan ne aka cika shekara 50 da tafiyar Apollo 13, kumbon da tankin iskarsa ya fashe a hanyar zuwa duniyar wata a 1970, ma'aikatan da ke kula da tafiyar daga ƙasa suka yi ta faɗi-tashi har suka dawo da mutum uku da ransu. Cikin mutum ukun, Jim Lovell yana da shekara 92 a lokacin cikar, Fred Haise 86. NASA ba ta shirya taron ido da ido ba, a intanet aka yi tunawar. Ga mutanen da suka kai waɗannan shekaru, taron da aka soke da wuya a sake samun irinsa da kowa a raye. Haka a 30 ga Mayu, da Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi a kumbon kamfanin SpaceX, karo na farko da aka harba mutane zuwa falaki daga ƙasar Amurka tun 2011, Bridenstine roƙon jama'a ya yi su kalla daga gida. Tsofaffin da suka gina dandamalin tashin, da yawansu a talabijin suka gani.

Sai sanarwar rasuwa, wadda ta riƙa zuwa ba halin zuwa ta'aziyya. Al Worden na Apollo 15 ya rasu a 18 ga Maris 2020, ba da korona ba. Annie Glenn, matar marigayi ɗan sama jannati John Glenn, cutar ce ta yi ajalinta a 19 ga Mayu tana da shekara 100. Glynn Lunney, ɗaya daga jagororin ɗakin kula da tafiyar Apollo 13, ya rasu a Maris 2021, Michael Collins na Apollo 11 ya bi shi a 28 ga Afrilu.

A ganina asarar ba ta iyalansu ba ce kaɗai. NASA tana shirin komawa duniyar wata da shirin Artemis, kuma akwai ilimin da ba ya cikin rahoto, sai a bakin wanda ya yi aikin: me ya sa aka bar wannan dabara, wace ƙara ce ke nuna inji zai ba da matsala. Cibiyar Johnson ta NASA da ke Houston ta daɗe tana naɗar hirarrakin tsofaffin ma'aikatanta, abin a yaba ne, amma naɗaɗɗiyar hira ba ta amsa tambayar da ta faɗo wa matashi yau. Haɗuwa ba ta fara dawowa ba sai bayan da aka soma allurar rigakafi a 14 ga Disamba 2020, aka kuma sa tsofaffi cikin sahun farko.