Amsa ga ɗan'uwan da ake zagi a akwatin hirar teburin poka

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Na karanta abin da ka rubuta, cewa wani ya sa ka gaba da zagi a akwatin hira duk lokacin da ya ci ka, kana tambaya ko ka rama ko ka kashe hirar baki ɗaya, kuma kana tsoron idan ka kashe za ka rasa hanyar karantar abokan wasa. Tun ban kai ƙarshen rubutunka ba raina ya ɓaci, domin irin abin da ya same ni ke nan, kuma har yau idan na tuna mutumin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ka kashe ta. Sauran bayanin zai biyo baya, amma ka fara da wannan tun a daren yau.

Nawa ya faru ne a gasa, muna dab da shiga kuɗi, wato saura mutane ƙalilan su fita a fara ba waɗanda suka rage lada. Na daɗe zaune ina ajiye kati, wato ina janyewa daga zagaye, ina ajiye kati, sai ga As biyu a hannuna, katunan farawa mafi ƙarfi a poka. Kun san sau ɗaya cikin 221 ake samunsu. Na ƙara kuɗi, mutumin nan ya zuba duka nasa, na bi, ya buɗe bakwai da bakwai. Kusan kashi 80 cikin 100 nawa ne tun kafin a buɗe komai. Katuna ukun farko ba su ba shi komai ba, na huɗu ma haka. Saura kati biyu kacal cikin 44 da za su cece shi, ƙasa da kashi 5 cikin 100. Katin ƙarshe ya fito bakwai.

Wannan bai dame ni sosai ba, duk wanda ya daɗe a wasan ya sha ganin irinsa. Abin da ya biyo baya ne ya kashe min jiki. Cif ɗina, wato kuɗin wasan da ke gabana, ba su ƙare duka ba, don na ɗan fi shi yawa, saboda haka ina nan zaune da ɗan guntun abin da ya rage, shi kuwa ya buɗe baki. Ya fara da kirana kifi, sunan da ake wa wanda bai iya wasa ba. Ya ce in koma in koyi wasa. Ya ce wai tun farko ya san abin da ke hannuna. Mutumin da ya zuba rayuwar gasarsa da bakwai biyu a kan As biyu, shi ne yake koya min wasa! Duk zagayen da na ajiye kati sai ya rubuta cewa tsoro ne. Da na yi shiru sai ya shiga zagin iyayena, mutanen da bai taɓa gani ba, ba su san ma ana wani abu wai shi poka ba. Sauran 'yan teburin babu wanda ya ce masa kanzil, wani ma dariya ya tura. Wannan dariyar ta fi zagin ci min rai.

Da na fita daga gasar bai ƙyale ni ba. Na koma teburin kuɗi tsaba don in huce, ban daɗe da zama ba sai ga sunansa a kujerar hagu da ni. Nemo ni ya yi ta wurin binciken suna. Ya zauna inda mafi yawan lokaci sai na yi wasana kafin ya yi nasa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Hannuna na rawa, ina rubuta amsa ina gogewa, agogona na ƙarewa, ina bin ƙarin da ko a mafarki ba zan bi ba don kawai in ga na karya shi. Abin da na tara a hankali cikin dogon lokaci, a daren nan ya tafi, kuma rabinsa aljihunsa ya shiga. Sai daga baya na fahimci cewa ba haushina yake ji ba ko kaɗan, sana'arsa ke nan. Ya san wanda zuciya ta ɗebe ba ya lissafi, shi ya sa yake hura wutar.

To wanda yake zaginka ma haka ne, ko ya sani ko bai sani ba. Duk kalmar da ka mayar masa ka gaya masa cewa kibiyarsa ta shiga. Shiru ma magana ce, amma ni ban yarda da shirun da kake yi kana karantawa ba, domin ido na gani zuciya na tafasa. Shiga saituna ka rufe hirar 'yan wasa, ka bar saƙon mai raba kati kawai. Idan ba ka son rufe duka, yawancin shafuka suna ba ka damar toshe mutum ɗaya. Ka rufe hirar 'yan kallo ma, don wasu bayan an fitar da su sukan tsaya a gefe su ci gaba da surutu. Kada ka manta da fuskokin dariya da abubuwan jifa irin na shafin poka na PokerStars, ko gajeren bidiyon da shafin GGPoker ke bari a tura. Duk hanyar tsokana ce a hannun wanda bai da mutunci, kuma akwai inda ake rage su a saituna, ka duba. Idan shafinka yana da wurin ɓoye sunanka daga bincike, ka ɓoye.

Batun karantar mutane kuwa, kada ya hana ka. Ni a gogewata abin da ake samu a hira kaɗan ne, kuma rabinsa ƙarya ce da gangan. E, na lura wanda ya saki jiki yana surutu a tsakiyar zagaye sau da yawa katinsa mai ƙarfi ne, mai burga, wato wanda ke nuna ƙarfi alhali katinsa ba komai, yakan yi tsit. Amma ƙwararru sun san da haka, suna juya shi. Girman kuɗin da mutum ya zuba, kujerar da yake zaune, sau nawa yake shiga, abin da ya nuna a ƙarshen zagaye, waɗannan ba sa buƙatar akwatin hira. Ka rubuta su a wurin ajiye bayani a kan ɗan wasa. Kai ma da kake rubutu kana ba da kanka ne, domin jinkirin da kake yi wajen danna maɓalli ana kallonsa.

Kafin ka toshe shi, ɗauki hoton allon, ka riƙe lambar zagayen da sunan teburin, ka aika wa masu kula da shafin. Suna da rikodin hirar, kuma zagi ya saɓa wa dokarsu, suna iya ƙwace masa damar yin hira. Kada ka rama kafin ka kai ƙara, don idan suka duba za su ga naka zagin tare da nasa.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Kada ka taɓa faɗin katinka, ko wanda ka ajiye, ana tsakiyar zagaye da mutane a ciki, kuma kada ka ce wa wani ya bi ko ya ajiye. Idan ka ga sunan da ya yi kama da na Bahaushe, kada murna ta sa ka fara gaishe shi da Hausa a teburi. A PokerStars yawancin teburan Turanci kaɗai aka yarda da shi, saboda sauran su san ba haɗa baki kuke yi ba. Zargin haɗin baki kuwa ya fi zagi muni, yana iya jawo a rufe asusu. Sannan duk wanda ya ce ka ranta masa zai mayar ninki, ko ya turo maka adireshin wani shafi, ko ya ce ku koma gefe ku yi magana, toshe shi nan take.

Kai ma ranar da wani ya ci ka da katin banza, kada ka zama irin mutumin nan. Wanda ya bi ka da kashi 20 cikin 100 shi ne wanda kake so ya ci gaba da zama a teburin. Ka zage shi, ko ya tashi ko ya gyara wasansa, duka biyun asararka ce. Ban da haka mutum ne, ba ka san halin da yake ciki a bayan allon ba. Idan ka buɗe hirar wata rana, rubuta nh (katinka ya yi kyau) ko gg (wasa ya yi kyau) ya ishe ka.

Abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne inda ka ce ka sake zuba kuɗi a daren don ka koma masa. A nan nake jin tsoro, ɗan'uwa, fiye da zagin. Yanzu da hankalinka ke kwance, je ka sa wa asusunka iyakar abin da za ka iya zubawa, kuma ka nemi maɓallin da ke kulle ka daga wasa na kwana ɗaya ko mako. Idan ka ji fuskarka ta yi zafi, tashi daga teburin ko da kai ke da tarin cif. Kuɗin da iyali ke jira kuwa kada ya kusanci shafin. Ka dawo ka gaya mana ko yana bin ka tebur zuwa tebur, domin idan haka ne sai ka saka wannan ma a cikin ƙarar, tare da lokutan da ya zauna kusa da kai.