Gonar da ba ta kai rabin hekta ba: yaya manomin Jawa yake ci da iyalinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a yankin Kadawa ta jihar Kano. Da na je aikin Hajji na zauna kusa da wani dattijo ɗan Indunusiya a masallacin Madina, wani ɗalibi ya yi mana tafinta. Ya ce shi ma shinkafa yake nomawa a wani ƙauye a tsibirin Jawa, kuma duk gonarsa rubu'in hekta ce. Abin ya tsaya mini a rai. Ni da hekta biyu da ƙyar nake ganin ƙarshen shekara. Don Allah yaya ƙauyukansu suke, wa ke da ƙasa a can, kuma da me suke rayuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dattijon nan bai ruɗe ka ba. Rubu'in hekta a Jawa gona ce da mutum zai faɗa ba tare da jin kunya ba, don akwai maƙwabtansa da yawa da ba su da ko taƙi. Amma in ka ɗauka shinkafar wannan gona ce kaɗai ta ciyar da shi har ta kai shi Makka, lissafi ba zai fita ba.

Mu fara da cunkoso. Jawa tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita kusan 130,000, amma ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 150 a cikinsa, fiye da rabin al'ummar Indunusiya gaba ɗaya. Ke nan kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum sama da 1,000. Mafi yawan iyalan da ke noma a can gonarsu ba ta kai rabin hekta ba, har hukuma tana da sunan da take kiransu da shi, *petani gurem*. Abin da ya sa ƙasar take iya ɗaukar wannan jama'a shi ne duwatsu masu aman wuta da suka jeru a tsakiyar tsibirin, irin su Merapi da Semeru da Kelud. Tokarsu taki ce, ƙoramu kuma daga jikinsu suke gangarowa. Sai dai alherin yana zuwa da kuɗinsa: aman da Merapi ya yi a 2010 ya kashe mutum fiye da 300.

Mutumin ƙauyen Jawa ƙasa iri uku ya sani. Akwai *sawah*, fangulan shinkafa masu ruwa kwance. Akwai *tegalan*, gonar tudu da ke jiran ruwan sama, inda ake sa masara da rogo. Sannan akwai *pekarangan*, filin da ke kewaye da gida. Baƙo idonsa kan sawah yake tafiya, don ita ce mai kyan gani. Ni kuwa da za a ce in nuna maka sirrin dattijon nan, bayan ɗakinsa zan kai ka.

In ka hango ƙauyen daga nesa ba za ka ga gidaje ba. Kurmi za ka gani tsaye a tsakiyar fadamar shinkafa, sai ka shiga ciki ka tarar ashe kowace bishiya da mai ita. A sama kwakwa, ƙasa da ita mangwaro da ayaba da gwanda, a gindinsu rogo da gwaza da citta da barkono, a gefe kuma gora, wadda da ita ake yin bango da shinge da kwando. Kaji da agwagi suna yawo, wani gidan har da ɗan ramin kifin tarwaɗa. Ba katanga, ba zaure. Sai dai ɗan shingen shuka, kana tsaye a ƙofarka kana ganin tsakar gidan maƙwabci. Uwargida takan tsinki kayan miya a nan ba ta taɓa kuɗi ba, ranar kasuwa kuma ta ɗauki nonon ayaba da kwakwa biyar ta sayar ta sayo gishiri da mai. Kasuwar ma zagaye take yi bisa makonsu na gargajiya mai kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Wanda ya dasa bishiyar katako ta *jati* a gefen fili, ya san ba don kansa ya dasa ba, don bikin 'ya ko karatun jika ne.

Sai saniya. Ba a kora ta daji, don babu dajin. A ɗaure take a bayan madafa, mai gida ko matarsa su fita da lauje kullum su yanko ciyawa a bakin hanya da kan iyakar gonaki su ɗauro a babur. Ita ce asusun gida, a sayar gab da Babbar Salla ko ranar da asibiti ta taso. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan karɓi kiwo daga mai hali, a raba 'ya'ya ko riba. *Gaduh* suke ce wa wannan.

Yanzu mu lissafa shinkafar. Damina a can tana kamawa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Inda ruwan madatsa yake isa, ana girbin shinkafa sau biyu a shekara, wani wuri uku, sannan a bi da masara ko gyaɗa ko waken suya a rani. Hekta ɗaya takan ba da tan 5 zuwa 6 na shanshera. Rubu'in hekta ke nan tan ɗaya da 'yan kai a kowane girbi. Ka cire taki, da kuɗin ƙaramar taraktar hannu da ta maye gurbin ɓaunar huɗa, da ladan mata masu dashe, da abin da ke zubewa a wurin casa. Abin da ya rage zai cika tukunyar gida, amma ba zai biya kuɗin makaranta ya sayi babur ba. Kai da kake noman rani a Kadawa ka fi ni sanin yadda buhu yake narkewa kafin ya iso gida. Wani abu da zai yi maka daɗin ji: kowane ƙauye yana da mai kula da rabon ruwa, *ulu-ulu*, kuma faɗan na sama da na ƙasan magudana a lokacin rani can ma yana nan. Ɓera shi ne babban ɓarawonsu, har a wasu ƙauyuka na yankin Demak ana kafa wa mujiya 'yan ɗakuna a kan sanduna cikin gona don ta riƙa farautarsa da dare.

Maganar wa ke da ƙasa, nan ne abin yake da sarƙaƙiya. Mai gona daban, mai noma ta sau da yawa daban. Akwai *maro*, noma mu raba biyu. Akwai *mertelu*, inda ake kasa amfani uku. Akwai haya ta shekara, akwai jingina kamar yadda ka sani a gida: ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya ci gona har ranar da ka biya. Dokar ƙasa ta 1960 ta tsara mallaka, wata doka ta wannan shekarar kuma ta ƙayyade cewa a yankunan da suka fi cunkoso iyali ba zai wuce hekta 5 na sawah ba. A ƙauye da yawa wanda ya riƙe hekta biyu, irin taka, attajiri ne da ake gaisarwa da harshen girmamawa. Don harshen Jawa hawa-hawa ne, akwai *ngoko* na tsara da yara, akwai *krama* na manya. Shekaru masu yawa shaidar mallakar mutane ba ta wuce wani littafi da ke ofishin dagaci ba, wanda ake kira Letter C. Daga 2017 ne gwamnati ta tashi haiƙan wajen auna filaye da raba takardun mallaka.

Gado shi ke ƙara tsinka gonar. Wasu iyalai suna bin abin da suke kira *sepikul segendong*, wato namiji ya ɗauki kaya biyu a sanda, mace ta goya ɗaya, wanda ya yi daidai da rabon Musulunci. Wasu kuma daidai wa daida suke rabawa. Ko ta wace hanya aka bi, hekta ɗaya ta kaka ta zama 'yan fangula a hannun jikoki, shi ya sa ma'aunin da suke ciniki da shi ƙarami ne: *ubin*, murabba'in mita 14 ko kusa da haka. Mace tana mallakar gonarta da sunanta, abin da ma'aurata suka tara tare kuma, *gono-gini*, na su biyu ne. A gidaje da yawa ma jakar kuɗi a hannun uwargida take.

Akwai wata ƙasa da ba ta kowa ba ce, *tanah bengkok*. Gonar ƙauye ce da ake ba dagaci da muƙarrabansa su noma muddin suna kan kujera, a da a madadin albashi, kusan irin gandun sarauta. Dagacin, wanda ake kira Pak Lurah ko Pak Kades, zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma inda bengkok take da faɗi da ruwa, zaɓen yakan yi zafi a kashe kuɗi. Dokar ƙauyuka ta 2014 ta sa musu albashi, ta kuma kawo kuɗin da gwamnatin tarayya ke turawa kowane ƙauye kai tsaye tun 2015, wanda a wasu shekaru ya kai kimanin rufiya (kuɗin Indunusiya) biliyan ɗaya a shekara. Yawancinsa a hanyoyin siminti da magudanai ya tafi, shi ya sa yau babur yana shiga har lungun gona.

To marasa gona fa? A da girbi na kowa ne. Duk macen da ta zo da 'yar wuƙar tafin hannu, *ani-ani*, za ta shiga ta yanki zangarniya ɗaya-ɗaya, a ba ta rabonta, kashi ɗaya cikin shida ko cikin goma gwargwadon wuri da kusanci. Wannan rabo shi ne *bawon*. Wani masani Ba'amurke, Clifford Geertz, ya kira irin wannan tsari raba talauci, a littafinsa na 1963. Da irin shinkafa mai saurin nuna ya shigo a zamanin shugaban ƙasa Suharto, ƙasar ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984, amma lauje ya kori ani-ani, sannan *tebasan* ya yaɗu: ɗan kasuwa ya sayi shinkafa tana tsaye, ya zo da 'yan ƙwadagonsa. Yanzu kuma injin girbi ne ke shiga fangali. Amfani ya ƙaru, matan da ba su da gona kuwa suka rasa buhun da suke dogaro da shi. A ganina wannan ita ce asara mafi girma da ba a cika lissafawa ba.

Abin da ya rage yana riƙe talaka shi ne maƙwabci. Gayya suna da ita, *sambatan*, in za a ɗora rufi ko gyara hanya. Adashi suna da shi, *arisan*. In biki ya tashi mata su kwana suna girki a gidan, kowa ya kawo gudummawa a rubuta, ranar naka a mayar maka. Da dare 'yan sintirin unguwa suna zagayawa suna kwashe 'yar shinkafa ko tsabar kuɗi da kowane gida yake ajiyewa a ɗan gwangwani bakin ƙofa, a tara don marar lafiya ko jana'iza. Mamaci ana yi masa taron addu'a ranar uku, bakwai, arba'in, ɗari, har dubu, musamman a ƙauyukan da ke bin ƙungiyar Musulunci ta Nahdlatul Ulama. Mabiya ƙungiyar Muhammadiyah ba su cika yi ba, muhawarar da ba baƙuwa ba ce a kunnenka. Kada ka ɗauka duk wannan daɗi ne zalla. A watan bukukuwa gudummawa takan ci fiye da kuɗin cefane, wanda ya noƙe kuma zai ga ranar da za a bar shi da tukunyarsa.

Ba duk Jawa ce kore shar ba. A Gunungkidul, kudu maso gabas da birnin Yogyakarta, ƙasar dutsen farar ƙasa ce mai shanye ruwa. Shinkafa sau ɗaya ce a damina, sai rogo da ake ferewa a shanya a daka a yi *tiwul*. In rani ya tsananta tafkuna su ƙafe, mutane su sayi ruwa a tankar mota, wani har ya sayar da akuya don shayar da saniya. Daga irin waɗannan wurare ne cirani ya fi yawa.

Ciranin kuwa shi ne kashin bayan ƙauyen yau. Ɗa yana gini ko tuƙin babur a Jakarta, 'ya tana masana'anta ko aikatau a Malesiya, Hongkong, Taiwan ko Saudiyya. Gidan bulo mai tayil da ka gani kusa da tsohon gidan katako, da wuya a ce shinkafa ce ta gina shi. Su dawo da Ƙaramar Salla, ƙauye ya cika maƙil na mako guda, sannan a bar tsofaffi da gona.

Shi kuwa dattijonka, ga yadda tafiyarsa ta fi kama da kasancewa. A Indunusiya maniyyaci yana ajiye rufiya miliyan 25 ne tukuna a ba shi lamba, sannan ya shiga layi, kuma a lardunan Jawa jiran yana kai shekara ashirin, wani wuri ya zarce. Kuɗin ajiyar nan a ƙauye yawanci saniya ce aka sayar, ko bishiyoyin jati da aka sare, ko wani yanki na gona da aka jinginar. Cikon kuma, in lokaci ya yi, 'ya'yan da ke birni su haɗa.