Tambaya da Amsa: Ɗinkin Mola da Tafiyar Ruwa a Tsibiran Guna

Wani tela daga Agege ya rubuto: Wata kwastoma ta nuna mini hoton wani ɗinki mai hawa-hawa na matan Panama, wai shi mola, ta ce in sa mata irinsa a gaban riga. Na gwada, yadin ya tattare, bakin ya tsefe. Ina kuskuren?

Malam, ka kamo aiki mai cin rai. Mola a harshen Gunawa, 'yan asalin wasu tsibirai a gabar Panama, riga take nufi, kuma mace takan ɗinka biyu, ta gaba da ta baya, kowacce kamar inci 16 a faɗi, 13 a tsawo. Ba ɗora ƙyalle ake yi a kan ƙyalle ba kamar yadda muka saba. Yanke na sama ake yi don launin na ƙasa ya leƙo.

Fara da hawa uku, ko da yake gwanayensu kan kai bakwai. Nemi yadin auduga mara kauri, baƙi da ja da ruwan lemo, ka wanke ka goge kafin almakashi ya taɓa shi, don kowane launi da irin shigewarsa in ya sha ruwa. Tattarewar da ka gani daga nan take, ko kuma daga jan zare da ƙarfi. Shimfiɗa biyu na ƙasa tukuna, ka kama su da dogon ɗinki, ka zana da alli. Da ɗan almakashi mai tsini za ka tsaga na sama kawai, inci biyu ko uku a lokaci guda, ka tura bakin ciki da kan allura, ka kalmashe da zare mai launin yadin saman. In ka tsaga zanen gaba ɗaya kafin ka fara kalmasa, dole baki ya tsefe. A kusurwa, ɗan datsa bakin kafin ka lanƙwasa, ka ƙara ɗinki biyu ko uku a wurin. Sai ka gama wannan hawan ka ɗora na uku, ka yanke shi da ɗan faɗi yadda launin tsakiya zai fito kamar siririn layi.

Keke ba ya wannan aikin. Mola mai kyau takan ci makonni, wata ma watanni, saboda haka ka yi ciniki da kwastomar da wannan a ranka. Kada kuma ka sayar da naka da sunan na Gunawa: tun 2000 dokar Panama ta kare musu wannan fasaha, kuma sun biya ta da tsada. Hana matansu sa mola da zoben hanci da 'yan sanda suka yi na cikin abin da ya tayar da borensu na Fabrairun 1925, ƙarƙashin Nele Kantule da Simral Colman.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa daga Apapa ya tambaya: Na saba da ruwan Legas, daga CMS zuwa Tarkwa Bay har Ikorodu. Ina sha'awar bin jirgi mai tafiya da iska daga Kolombiya zuwa tsibiran Gunawa. Yaushe ya dace, me zan kiyaye?

Ɗan'uwa, ruwan lagun daban, buɗaɗɗen teku daban. Daga Kartahena ta Kolombiya zuwa Guna Yala, wato yankin Gunawa, kimanin mil 200 ne na teku, wato awa 30 zuwa 40 ba ka ganin tudu, sannan kwana uku ana yawo tsakanin tsibirai. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas na kaɗawa da ƙarfi: jirgi na gudu, amma igiyar ruwa na jijjiga hanji. Daga Mayu zuwa Nuwamba ruwa ya fi kwanciya, sai dai akwai tsawa da guguwar da kan taso farat ɗaya cikin dare. Maganin jiri kuwa, a sha shi tun kafin a bar tasha, in amai ya fara ba ya zama a ciki.

Haɗarin gaske yana bakin tsibiran. Ana cewa sun kai 365, kusan hamsin ne ke da mutane, kuma duwatsun murjani sun kewaye su, wasu ba su kai taku biyu a ƙarƙashin ruwa ba. Taswirar na'ura takan kauce a nan. Shi ya sa matuƙin kirki ba ya shiga da dare. Yakan jira tsakanin goma na safe da biyu na rana, rana tana sama ko bayansa, ya tsayar da mutum a goshin jirgi yana karanta launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore mai haske yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa dutse ne. Anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi, a yashi ake jefa ta, a saki sarƙa ninki biyar na zurfin, a ja baya da inji a tabbatar ta kama. Tambayi matuƙi tun a tasha da wane lokaci yake shirin isa, ka kuma ƙirga rigunan kariya da idonka.

Ka tafi da dala a hannu, ƙananan takardu, don babu na'urar cirar kuɗi. Mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar Kolombiya da ta Panama, kuma in ta Amsterdam ko Faris za ka bi daga Legas, ka binciki bizar ratse tun da wuri. Ruwan daɗi ƙalilan ne a jirgi, amma alwala da ruwan teku ta halatta. Alƙibla daga can tana wajen digiri 62, gabas maso arewa, kuma jirgi a kan anka juyawa yake, sai ka duba kamfas kafin kowace salla.

Wata malama daga Idi-Araba: Gaskiya ne a tsibiran Guna baƙo ba ya ɗaukar ko kwakwar da ta faɗo?

Gaskiya ne, Malama. Ko tsibirin da ba kowa a kai yana da masu shi, kuma kwakwa dukiyarsu ce, da ita suke ciniki da jiragen fatake na Kolombiya. Ɗaukarta sata ce. Kowane ƙauye na da saila, wato mai gari, wanda ke kishingiɗa a gadon lilo cikin zauren taro yana rera tarihin kakanni, mai fassara na warware wa jama'a. Baƙon jirgi kan fara gaida shi ya biya kuɗin tsayawa. Bare ba ya mallakar fili, nutso da tukunyar iska haramun ne, hoto sai da izini, shiga gari kuma sai da sutura. Ango ne ke tarewa a gidan surukansa. Abincinsu, dule masi, kifi ne da agade cikin madarar kwakwa, ba abin ƙi. Amma abin shan da ake rabawa a bikin balagar 'yan mata, inna, ruwan rake ne da ya tsimu, yana bugarwa.