Tambaya da Amsa: Wai su wa ke cin iskar mitan a ƙasan teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah na ji ana cewa a can ƙasan teku inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa akwai wasu ƙananan halittu da wai iskar gas ce abincinsu. Gaskiya ne? Kuma iri ɗaya ne ko kala-kala, daga ina ma suka samo wannan dabarar? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, gaskiya ne ba wai ba. Su waɗannan maɓuɓɓugan sai a 1977 aka fara ganinsu da ido, kusa da tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik, da wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin, zurfin wajen mita 2,500, inda ko ɗigon hasken rana babu. Ruwan da ke fitowa yana ɗauke da mitan, wato babban sinadarin da ke cikin iskar gas, to shi suke ci.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya masu ƙona mitan da oksijin, suna zama inda ruwan zafi ya haɗu da na sanyi, wasunsu ma a jikin dabbobi suke. A tsakiyar tekun Atlantika akwai wata dabba mai ɓawo biyu, Bathymodiolus, da ta ajiye su a wurin numfashinta, su ci mitan ita kuma ta ci daga jikinsu.

Amma ni waɗanda suka fi burge ni su ne na cikin laka, inda babu oksijin sam. Ba bakteriya ba ne, wani reshe ne daban da ake kira arkiya, masu cin mitan a cikinsu masana suna ce musu ANME, akwai na 1 da na 2 da na 3. Yawancinsu fa ba sa iya aikin su kaɗai, sai sun manne da wasu bakteriya masu amfani da salfet, wani sinadari da ke narke a ruwan teku, arkiyan su fasa mitan su miƙa wa abokan nasu lantarkin da ya fito ta wasu siraran zaruruwa kamar wayar wuta, a shekarar 2000 aka fara nuna wannan haɗin gwiwa a fili. Kuzarin da suke samu ɗan mitsitsi ne shi ya sa sai su yi watanni kafin yawansu ya ninka, ki ga kuwa mai binciken su dole ya zama mai haƙuri. A kwarin Guaymas da ke ƙasan teku a gaɓar ƙasar Meziko an samu 'yan ANME-1 da ke rayuwa a zafin digiri 50 zuwa 70.

Batun asali kuwa nan ne daɗin yake. Kakannin 'yan ANME ɗin masu haɗa mitan ne ba masu cinsa ba. Sinadarin aikin da waɗancan ke ƙera mitan da shi, wanda ake kira MCR mai ɗauke da ƙarfen nikel, shi dai waɗannan suka juya suna bin hanyar ta baya. Kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba sau ɗaya aka yi juyin ba, ANME-1 danginsa daban, na 2 da na 3 nasu daban, kowa ya iso ta hanyarsa, har da aron ƙwayoyin gado daga maƙwabta wanda ƙananan halittu sun saba da shi. Su kuwa bakteriyan can na oksijin ba su da alaƙa da wannan gidan, nasu kayan aikin yawanci tagulla ce a ciki.

Kar kuma ki ɗauka a bakin maɓuɓɓugan kaɗai suke, akwai su a lakar teku mai sanyi ma, kuma yawancin mitan ɗin da ke tasowa daga lakar su ke cinye shi tun bai kai saman ruwa ba.