Hukuncin kallo da tura fim ɗin Indiya na 'yan daba da soyayya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina da ɗan shagon cajin waya da turin fina-finai. Akwai wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da ake rububinsa: ɗan daba ne a Mumbai ya kamu da son 'yar abokin gabar ubangidansa, shi Hindu, ita Musulma. Aka yi ta harbe-harbe, a ƙarshe suka gudu suka yi aure. Babu tsiraici sosai, sai rawa da waƙa. Mene ne hukuncin kallonsa, kuma kuɗin turin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke shiga aljihunka.

Fim a kan kansa hanya ce ta ba da labari, hukuncinsa yana bin abin da aka zuba a ciki, daga Indiya ya fito ko daga Kano. Nuna mugu a labari ma ba laifi ba ne, ai Alƙur'ani ya ba mu labarin Fir'auna da na matar Azizu. Abin dubawa shi ne yadda aka nuna shi.

Na lura ka ce babu tsiraici "sosai". Wannan sosai ɗin ita ta amsa rabin tambayarka. Allah ya umurci muminai maza da mata su runtse idanu a Suratun Nur, aya ta 30 da 31, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa zinar ido ita ce kallo. Mace mai rawa ciki a buɗe tana cikin wannan, a zahiri ne ko a gilashin waya. Kiɗa kuwa akwai saɓani: mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, Ibn Hazm ya halatta. Ba a kansa na gina amsar ba.

Abin da ya fi damuna ba rawar ba ce. Awa biyu ko uku za ka yi zuciyarka tana tare da mai kisa, kana fatan ya kuɓuce wa 'yan sanda. An ba shi kyau, an ba shi kirari, an ce talauci ne ya jefa shi, har ka manta cewa aikinsa shi ne hiraba, wato fashi da tsoratar da mutane da makami, wadda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi wa hukunci mai tsanani. Wanda ya san yadda daba ta cinye samari a unguwanninmu ba zai ce wasa ne kawai ba. Iyayenmu sun kalli Indiya a silima tun shekarun 1950 ba tare da jin yaren ba, hoto kawai suke bi. Yau an mayar da zancen uban daba Hausa tsantsa, yaro ɗan shekara 10 yana haddace shi yana maimaitawa a layi.

Sai soyayyar. So ba haramun ba ne, Ibn Majah ya ruwaito cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba. Amma wannan auren ɓatacce ne ta fuska biyu: Musulma ba ta auren mushriki, kamar yadda aya ta 221 ta Baƙara ta faɗa, kuma a mazhabar Malikiyya babu aure sai da waliyyi. Fim ɗin ya ɗauki wannan ya mayar da shi nasara, ya mayar da uba azzalumi. Na san akwai iyayen da ke zaluntar 'ya'yansu a kan aure, amma maganin hakan alƙali ne, ba gudu ba.

Don haka wannan fim, yadda ka siffanta shi, kallonsa bai halatta ba. Sai dai wanda ya kalla bai kafirta ba, ko da an nuno ana bautar gunki, muddin zuciyarsa ba ta yarda da bautar ba. Kada kowa ya tsoratar da kai da hakan.

Kuɗin caji halal ne. Kuɗin tura irin wannan fim ba halal ba ne, domin Ahmad da Abu Dawud sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa idan Allah ya haramta wa mutane cin wani abu, ya haramta musu kuɗinsa, ga kuma hanin taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 ta Ma'ida. Abin da ka ci a baya cikin rashin sani, tuba ta wadatar.

Ban ce ka rufe shago ba. Ka tace kwamfutarka: karatun Alƙur'ani, tafsiri, darussan makaranta, ƙwallo, labaran namun daji, da fim ɗin da ka kalla da kanka ka tabbatar ba shi da waɗannan abubuwa. Ciniki zai iya raguwa a farko. Ka fara da yara, daga yau kada ka tura wa ƙaramin yaro fim ɗin daba ko nawa ya miƙo. Wallahu a'alam.